Yadda Ake Yawon Ɗaukar Hoto na Rabin Yini da Jagora a Luang Prabang

Luang Prabang ƙaramin gari ne a arewacin ƙasar Laos da ke kudu maso gabashin Asiya, daidai inda kogin Nam Khan ya faɗa cikin Mekong. Tsohon garin yana kan wani siririn tudu tsakanin kogunan biyu, da ƙafa ma za ka ratsa shi cikin kamar rabin sa'a. Nan ne fadar daular Lan Xang da sarki Fa Ngum ya kafa a 1353, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1995. Na sha yin wannan zagaye, da jagora da kuma ni kaɗai, kuma wanda zan koya maka shi ne na safe, daga asuba zuwa hantsi, sa'a huɗu zuwa biyar. Wuraren ba ɓoyayyu ba ne, taswirar waya ma za ta kai ka. Abin da kake biyan jagora dominsa shi ne ya nuna maka inda za ka tsaya, da lokacin da za ka tsaya, ya kuma zame maka baki wajen mutanen gari. Baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Kayan aiki

Kyamara ko waya mai kyau. Idan kyamararka ana canza mata ido, wato gilashin gabanta, ka ɗauki guda biyu kawai: gajere na milimita 35 ko 50 wanda yake buɗewa sosai don shan haske, da dogo mai jawo nesa, kamar 70 zuwa 200. Dogon shi ne zai ba ka damar ɗaukar mutane ba tare da ka shiga jikinsu ba. Idan waya ce kawai gare ka, ta isa, zan faɗi yadda za ka yi da ita a kowane mataki.

Batir na biyu a cike, memori na biyu, da ɗan ƙyalle mai laushi na goge gilashi. Mai waya ya riƙe abin caji na tafi-da-gidanka. Mariƙin kyamara mai ƙafa uku kuwa ka bar shi a masauki, nauyi ne kawai, kuma a kasuwa sai ya tare wa mutane hanya.

Takalmi mai sauƙin cirewa, domin duk ɗakin ibadar da za ka shiga sai ka tuɓe. Tufafi masu rufe kafaɗa da gwiwa, wanda dama shigarmu ta gida ta wadatar. Rigar sanyi idan tsakanin Nuwamba da Fabrairu ne. Ƙananan takardun kuɗinsu, wato kip, don kuɗin shiga da sayen ɗan abu a kasuwa. Gorar ruwa.

Sai magana ɗaya da ta riga duk waɗannan: biza. Ba kowane fasfo ake buga wa biza a filin jirginsu ba, kuma na Najeriya da na Nijar suna cikin waɗanda ake so su zo da ita a hannu. Ka gama da wannan ta ofishin jakadancinsu kafin ka yanki tikiti. Daga babban birnin, Vientiane, jirgin ƙasan da aka buɗe a Disamban 2021 yana kai mutum Luang Prabang cikin kamar sa'a biyu.

1. Zaɓi lokacin shekara

Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi: ba ruwa, gari da sanyi, hazon safe yana kwanciya a kan kogi sannan ya yaye. Maris da Afrilu manoma suna ƙona gonaki a kan duwatsu, hayaƙi ya rufe sararin sama kamar ƙurar hunturu, duwatsun nesa su ɓace. Idan a wannan lokacin ka samu zuwa, ka manta da hoton nesa, ka mai da hankali kan fuskoki da ƙofofi da kayan kasuwa. Damina, daga Mayu zuwa Oktoba, tana ba da kore shar da gajimare masu kyau, sai dai ka tanadi leda don kyamara. Tsakiyar Afrilu bikin sabuwar shekararsu ne, Pi Mai, ana watsa wa kowa ruwa a titi, ba ruwansu da abin da ke rataye a wuyanka.

2. Nemo jagora, ku yi magana tun kafin ranar

Masaukai da ofisoshin yawon buɗe ido da ke kan titin Sisavangvong suna haɗa baƙi da jagorori. Amma jagoran tarihi daban, jagoran hoto daban. Na farko zai tsayar da kai gaban gini ya yi minti ashirin yana bayani, haske yana wucewa. Na biyu shi ma mai ɗaukar hoto ne, ya san bangon da rana take fara taɓawa.

Ka ce ya nuna maka hotunan da ya ɗauka da hannunsa. Ka tambayi mutum nawa ne a tawagar. Idan sun haura huɗu, ka nemi wani ko ka biya na kai kaɗai, domin mutum goma da kyamara goma a lungu ɗaya ba mai samun komai. Ku daidaita a kan kuɗi, da ko ya haɗa da kuɗin shiga wurare da na tuk-tuk, wato irin a-daidaita-sahunsu. Sannan ka yi masa tambayar da na fi ba muhimmanci: a ina za mu tsaya lokacin sadakar asuba? Idan ya ce zai kai ka har gaban layin ruhubanawan addinin Buda masu karɓar sadakar shinkafa ka ɗauki fuska kusa-kusa, ka yi masa godiya ka tafi. Na taɓa bin wani irin wannan a zuwana na farko, ya riƙa tura ni gaba, har wata tsohuwa da ke durƙushe da kwandon shinkafarta ta ɗago ta dube ni. Ba ta ce komai ba. Hotunan wannan safiya ban taɓa nuna wa kowa su ba.

Ka gaya masa abin da kake so: mutane ne, gine-gine ne, ko abinci. Ka gaya masa matakin iyawarka ba tare da kunya ba. Idan Musulmi ne kai, ka faɗa masa tun yanzu cewa kallo da hoto za ka yi, ba za ka shiga cikin ibadar ba, kuma ba ka cin naman alade. Ba wanda zai ga baiƙenka.

Idan aljihu bai kai ga jagora ba, ka roƙi ma'aikacin masaukinka ya zana maka hanyar da layin yake bi a unguwarsu, ka je da yamma ka taka ta da ƙafa, ka zaɓi wurin tsayawa tun da sauran haske.

3. Daren jajibiri

Ka cika batir, ka kwashe tsoffin hotuna daga memori, ka kashe filasha, wato fitilar nan mai walƙiya, ka kuma kashe ƙarar da kyamara take yi idan ta saita. Ka yi wannan da dare, domin da asuba cikin duhu za ka manta. Ka duba lokacin sallar asuba na garin. Agogonsu yana gaban na Najeriya da sa'a shida. Alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa, kada sabo ya sa ka fuskanci gabas. Kana sallamewa sai ka fita.

4. Sadakar asuba

Wannan shi ne zuciyar yawon, kuma nan ne baƙi suka fi yin ɓarna. Sunanta tak bat. Kullum da sassafe, tsakanin biyar da rabi da shida da rabi gwargwadon lokacin shekara, ruhubanawan addinin Buda suna fitowa daga gidajen ibadarsu, waɗanda ake kira wat, a jere, ba takalmi, cikin mayafi ruwan goro, kowa da ƙwaryar ƙarfe rataye a kafaɗa. Mutanen gari suna zaune ko durƙushe a gefen hanya, suna gutsuro shinkafa mai danƙo da suka dafa tun da duhu suna jefawa a ƙwaryar kowanne. Ba a magana. Manya ne a gaba, yara a baya. Da yawa daga cikin yaran 'ya'yan ƙauye ne da aka kawo birni neman karatu, suna kwana a wat ɗin. Duk wanda ya san tsangaya zai gane su da kallo ɗaya, kuma zai san yadda zai ji idan baƙo ya zo ya cusa wa ɗan ƙaramin almajiri kyamara a hanci yana tsakiyar karatu.

Ga yadda za ka yi. Ka isa wurin minti goma sha biyar kafin a fara. Titin Sisavangvong da Sakkaline su ne suka fi cika da baƙi. Ka ce wa jagora ya kai ka wani lungu na gefe inda 'yan unguwa ne kawai suke zama. Ka tsaya a ɗaya tsallaken titin. Ka tsuguna ko ka zauna, domin a al'adarsu bai dace kanka ya fi na ruhubani tsawo ba, kuma hoton da aka ɗauka daga ƙasa ma ya fi kyau, layin yana cika ido. Kada ka hau mota ko baranda ka leƙo su daga sama. Kada ka ratsa layi, kada ka bi su a baya. Mace ba ta taɓa ruhubani ko mayafinsa, ko da kuskure ne, don haka 'yar'uwa ki ba da tazara sosai. Filasha kuwa ko sau ɗaya kada ta haska.

Za ka ga mata suna bin baƙi da kwandunan shinkafa da biskit suna cewa a saya a bayar. Ka ce a'a cikin murmushi. Wanda ba addininsa ba ne, ba a neman ya bayar.

Wajen saiti, matsalarka ita ce duhu da motsi. Ka buɗe ƙofar hasken idon kyamara iyakar buɗewarta, f/2.8 ko f/1.8. Ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 1600 ko 3200. Saurin ƙiftawa kada ya gaza 1/250 na daƙiƙa, domin suna tafiya da sauri fiye da yadda kake zato. Masu koyo suna tsoron ɗaga ISO saboda ɗan tsakin da yake fitowa a hoto, sai su rage sauri, su koma gida da hotuna masu dishi-dishi. Tsaki ana gyara shi a kwamfuta, hoton da ya girgiza ba shi da magani. Yayin da gari yake wayewa, ka riƙa sauke ISO a hankali.

Kada ka riƙa bin su da kyamara kana harbi barkatai. Ka zaɓi bango tun kafin su iso, farar katangar wat ko tsohuwar ƙofar katako, ka saita a kansa, ka jira layin ya shigo cikin hoton da kansa. Ruwan goro a kan farin bango ba ya buƙatar wani ado. Idan ka samu wannan, sai ka nemi ƙanana: hannun tsohuwa a bakin ƙwarya, ƙafafu a kan kwalta, tururin da ke tashi daga kwandon shinkafa. Akwai kuma dabara ɗaya da nake so: ka sauke sauri zuwa 1/15, ka dafe gwiwar hannu a kan gwiwarka, ka ɗauka. Masu bayarwa da suke zaune za su fito sarai, masu wucewa su zama kamar zanen ruwan goro.

Mai waya kada ya ja hoto da yatsu don ya kusanto, yana lalata shi. Ka ɗauki faɗin wurin gaba ɗaya, ka jingina da bango ko sandar fitila, ka taɓa fuskar wayar a kan mayafin sannan ka ɗan rage haske. Ka fi samun abin kirki a layukan ƙarshe, lokacin da gari ya fara haske.

Duk abin bai fi rabin sa'a ba. A ciki ka ware minti biyu ka sauke kyamara ka kalla da idonka.

5. Kasuwar safe

Daga nan jagora zai kai ka kasuwar safe, a lungunan da ke kusa da tsohuwar fadar sarki. Mata ne mafi yawa, sun baza kaya a ƙasa ko a kan ƙananan tebura: kifin Mekong, ganyaye iri-iri, barkono, tsiron gora, laimar kwaɗi, kwaɗin kansu, ƙwari, da khai phaen, wato gansakukar kogi da ake shanyawa fale-fale da riɗi a kai. Lungun matsattse ne, don haka ka koma gajeren ido, ka rataya jaka ta gaba.

Kalma biyu za su yi maka aiki: sabaidi, ita ce gaisuwa, da khop chai, wato na gode. Ka gaisa, ka nuna kyamara, ka jira a gyaɗa kai. Idan an kau da fuska ko an ɗaga hannu, ka wuce. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, a can ma haka ne. Abin da ya fi buɗe ƙofa shi ne ka sayi wani abu, ko ayaba ce, ka bar jagora ya yi ɗan hira da mai kayan, kai kuma ka ɗauka lokacin da ta manta da kai tana ba wani canji. Ka nuna mata hoton a bayan kyamara. Sau da yawa hoto na biyu, wanda take dariya, shi ne na ajiyewa.

Kada ka tsallake kayan da aka baza a ƙasa, kada ka nuna abu da ƙafa, kada ka shafa kan yaro. A wajensu kai abin girmamawa ne, ƙafa kuma ita ce mafi ƙasƙanci. Hasken kasuwa gauraye ne, wani wuri rana, wani wuri inuwar rumfar leda mai launi da take rina fuska shuɗi ko ja. Ka nemi mai kayan da ke bakin inuwa, inda haske yake shigowa ta gefe.

Idan yunwa ta taso, kofinsu mai madarar gwangwani yana da kyau, akwai kuma dogon burodin da suka gada daga Faransawa, khao chi. Ka kula, galibi da naman alade ake cusa shi. Ka ce a sa maka ƙwai kawai, jagora ya tabbatar.

6. Wat Xieng Thong da lungunan hanya

Ka tafi da ƙafa, kada ka hau tuk-tuk, domin hanyar ita kanta abin ɗauka ce: gidajen katako na gargajiya kusa da benayen zamanin mulkin Faransa masu tagogin katako, faifan shinkafa ana shanyawa a rana, mayafan ruwan goro a kan igiya, furen bishiyar da suke kira dok champa a zube a ƙasa.

Wat Xieng Thong yana can ƙarshen tudun, kusa da mahaɗar kogunan. Sarki Setthathirath ne ya gina shi wajen 1560, kuma yana cikin ƙalilan da suka tsira lokacin da mahara suka ƙone garin a 1887. Ana biyan kuɗin shiga. Abin da ya fi jan ido shi ne rufinsa, hawa-hawa, yana saukowa har ya kusa taɓa ƙasa. Kuskuren kowa shi ne tsayawa a gabansa sak. Ka koma kusurwa, ka tsuguna, yadda layukan rufin za su hau kan juna. A bangon baya akwai hoton bishiya da aka yi da gutsattsarin gilashi masu launi a kan jan fenti. Bangon yamma yake kallo, saboda haka da safe yana cikin inuwa, launukan suna fitowa daidai ba ƙyalli; idan walƙiyar gilashin kake so, sai ka dawo da la'asar. A wani ɗaki mai ƙofar ruwan zinare akwai keken jana'izar sarki Sisavang Vong, wanda ya rasu a 1959, da kawunan macizai bakwai a gabansa. Ciki duhu ne, ka mai da ISO sama.

Ruwan zinare yana ruɗin kyamara, ta sa shi ya yi fari fat. Ka rage haske da mataki ɗaya, ka duba, ka ƙara ɗauka. Idan ka ga ƙaramin ruhubani yana shara ko karatu, jagora ya nema maka izini. Wasu suna son hira don su gwada Turancinsu. Amma kada ka ce ya gyara tsayuwa ko ya riƙe laima don hotonka, kada kuma ka ba shi kuɗi.

7. Dutsen Phousi, ko bakin kogi

Phousi tudu ne a tsakiyar gari, tsayinsa kamar mita 100, matakalarsa ta gaban fada sun haura 300, a ƙolinsa akwai hasumiya mai ruwan zinare, That Chomsi. Kowa faɗuwar rana yake zuwa kallo, har wurin tsayawa ya gagara. Ni na fi son safiya: ba cunkoso, kuma ta ɓangaren Nam Khan za ka ga gari a shimfiɗe cikin bishiyoyi, hazo yana tashi daga duwatsu. Idan hazo kake so sosai, ka ce wa jagora ku hau nan kafin Wat Xieng Thong. A hanya ana sayar da tsuntsaye a 'yan kejin kaba don a saka. Kada ka saya, sayen ne yake sa a ci gaba da kamo su.

Wanda gwiwarsa ba za ta iya matakala ba, ya sauka bakin Mekong ya ɗauki dogayen kwale-kwale da jirgin fito mai tsallakar da mutane da babura. A shekarun baya, da rani akan kafa gadar gora a kan Nam Khan, ruwan damina ya zo a cire ta, a sake ginawa wata shekara. Idan ka same ta, ka jira wani ya hau tsakiyarta sannan ka ɗauka. Tsohuwar fada, wadda aka gina a 1904 ta kuma koma gidan tarihi bayan an kawar da sarauta a 1975, daga waje kawai za ka ɗauke ta, ba a yarda da hoto a ciki ba. Magangarar ruwa ta Kuang Si kuma tana da nisan kusan kilomita 30, kada ka yarda a cusa maka ita cikin wannan safiya, ta cancanci ranarta daban.

8. Zama da jagora kafin ku rabu

Wajen ƙarfe goma rana ta yi tsauri, inuwa ta yi baƙi, aikin ya ƙare. Ku sami wuri ku zauna, ka miƙa masa kyamarar. Ka ce ya zaɓi biyar da suka fi, da biyar da suka lalace, ya gaya maka dalili. Wannan rabin sa'ar tana cikin abin da ka biya, kuma mutane da yawa suna tafiya ba su karɓa ba. Ka rubuta sunayen wuraren yadda ya faɗa maka, domin bayan mako guda duk wat ɗin za su zame maka iri ɗaya. Ka tambaye shi inda zai tsaya gobe da a ce shi kaɗai ne, sai ka je can washegari ba tare da shi ba.

Da ka koma masauki, kafin ka kwanta ramuwar barci, ka kwafe hotunan wuri biyu. Kada ka goge komai a kan ƙaramin gilashin kyamara, sai ka gan su a babba. Idan akwai mai kayan kasuwar da ta sake da kai har ka samu hotonta mai kyau, ka sa jagora ya nuna maka shagon wanke hoto, ka wanke guda ɗaya, ka kai mata da safe. Yawancinsu wuri ɗaya suke zama kullum, ba za ka sha wahalar gane ta ba.